Nazarin Lamari: Yadda Sabuwar Barista a Leeds Ta Nemi Rancen Sayen Gida

Lamarin da za a bi diddiginsa a nan na wata matashiyar barista ce a birnin Leeds da ke arewacin Ingila, wadda ta shafe fiye da shekara guda, daga tsakiyar 2024 zuwa watan Satumban 2025, tana neman inda za a ba ta rancen sayen gidanta na farko. An sakaya sunanta da na gidan lauyoyin da take aiki da na bankunan da ta tunkara, kuma an dunƙule alƙaluman kuɗinta domin lissafi ya fito sarai. Ba ta taɓa gaza biyan bashi ba, aiki kuma bai yanke mata ba tun ranar da aka ba ta izinin tsayawa gaban alƙali, amma duk da haka sau biyu ana mayar da ita hannu rabbana. Dalilin hakan yana cikin yadda aka tsara sana'ar barista a Ingila da Wales, da kuma yadda banki yake auna mai neman rance.

A Najeriya wanda ya kammala Makarantar Horar da Lauyoyi yakan fito ne a matsayin barista kuma solisita lokaci guda, to amma a Ingila sana'o'i biyu ne mabambanta. Solisita shi ne mai zama da mai ƙara ya shirya masa takardu, kuma galibi ma'aikaci ne mai albashi a wani kamfanin lauyoyi. Barista kuwa shi ne mai tsayawa a kotu ya yi magana, kuma kusan huɗu cikin biyar na baristocin ƙasar masu zaman kansu ne, ba su da ubangidan da ke biyan su a ƙarshen wata. Bayan mutum ya gama karatu, ɗaya daga cikin tsoffin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan, wato Lincoln's Inn da Inner Temple da Middle Temple da Gray's Inn, ya rantsar da shi, sai ya yi shekara guda ta koyon aiki a wani gidan baristoci da ake kira cemba. A watanni shida na farko ɗan koyo yana bin babban lauyan da ke kula da shi ne kawai, yana karanta fayil yana rubuta daftari, ba shi da izinin karɓar shari'a. A watanni shida na biyu yakan fara zuwa kotu da kansa, ana biyan sa kuɗin aikinsa. Idan shekara ta cika, mambobin cemba su ne za su yanke shawarar ko za a ba shi kujera ta dindindin a cikinsu, kuma babu wata doka da ta tilasta musu su ba shi. Ko an ba shi kujerar ma, cemba ba ta zama mai ɗaukar sa aiki ba. Shi ne ma zai riƙa biyan ta wani kaso na abin da ya samu, domin hayar ofis da albashin akawunan da ke nemo masa aiki suna karɓo masa kuɗi.

Baristar da ake magana a kanta ta fara shekarar koyonta a watan Oktoban 2023, a cembar da ke aikin shari'o'in laifuka da na iyali. An yi mata alkawarin fam 30,000 na shekarar, rabi a matsayin tallafi a watanni shida na farko, rabi kuma a matsayin tabbacin cewa idan abin da ta samu daga kotu a watanni shida na biyu bai kai fam 15,000 ba, cemba za ta cike mata. Wannan ya ɗara mafi ƙarancin abin da hukumar kula da sana'ar, Bar Standards Board, ta wajabta, wanda a 2024 ya kasance fam 21,060 a wajen Landan da fam 23,078 a cikinta, amma bai ko kusanci abin da manyan cembobin shari'ar kasuwanci na Landan ke bai wa 'yan koyonsu ba. Kafin nan ta yi shekara uku tana taimaka wa lauyoyi a wani ofis, inda ta riƙa zuba fam 4,000 kowace shekara a asusun ajiya na Lifetime ISA, wanda gwamnati ke ƙara wa kashi 25 cikin ɗari ga mai tara kuɗin sayen gidan farko. Ta haka ta tara fam 15,000, mahaifinta kuma ya yi alkawarin ƙara mata fam 5,000.

Yunƙurinta na farko a watan Yunin 2024 ne, tana wata na uku da fara zuwa kotu. Ta je bankin da take ajiya a ciki tun tana ɗaliba, da tunanin cewa wanda ya san shige da ficen kuɗinta shekara da shekaru shi ya fi cancanta ya amince da ita. Jami'in da ya zauna da ita ya nemi takardun albashi na watanni uku, ta ce ba ta da su domin ita ba ma'aikaciya ba ce. Ya ce to ta kawo takardun haraji na shekara biyu irin na masu zaman kansu, ta ce ai ba ta yi ko wata uku da fara sana'ar ba. Ta nuna wasiƙar cemba mai ɗauke da alkawarin fam 30,000, sai aka lura cewa alkawarin zai ƙare a watan Satumba, kuma babu abin da ke nuna abin da zai biyo baya. A nan maganar ta tsaya.

A ganina bankin bai yi kuskure ba a wannan karon, ko da yake ita ta ji zafin abin. Rancen gida alkawari ne na shekara 25 ko 30, ita kuwa abin da take da tabbaci a kansa bai wuce watanni uku ba. Akwai 'yan koyo da dama da shekara ke cika musu ba a ba su kujera ba, sai su koma wata cembar su sake zaman gwaji, wani lokaci a wani gari dabam. Da ta sayi gida a Leeds sannan kujera ta samu a Bristol ko Birmingham, da ta ɗaure kanta da kanta. Ban da haka ma, hannun bankin ba a sake yake ba. Kafin rikicin kuɗi na 2008, wanda ya durƙusar da bankin Northern Rock har gwamnati ta karɓe shi, ana ba masu zaman kansu rance bisa abin da suka faɗa da bakinsu cewa suna samu, ba tare da hujja ba. Tun watan Afrilun 2014 hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta FCA ta haramta wannan, ta wajabta wa duk mai ba da rancen gida ya tabbatar da kuɗin shigar mai nema da takarda, ya kuma duba ko zai iya biya. A shekarar ce kuma Babban Bankin Ingila ya ƙayyade cewa rancen da ya kai ninki huɗu da rabi na kuɗin shigar mutum ko fiye kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari na sabbin rancen da ake bayarwa, abin da ya sa ninki huɗu da rabi ya zama tamkar rufin da yawancin masu nema ba sa tsallakewa.

A watan Oktoban 2024 mambobin cemba suka kaɗa ƙuri'a aka ba ta kujera. Aiki ya ƙaru, akawuna suka fara tura ta Kotun Crown, wato kotun da ke sauraren manyan laifuka, maimakon ƙananan kotuna kaɗai, har ta kai tana yin kwana huɗu ko biyar a mako a kotu, yau a Leeds gobe a Bradford jibi a York. Ganin haka sai ta sake gwadawa a watan Janairun 2025, wannan karon a wata ƙungiyar ba da rancen gidaje da ta ji an ce tana sassauta wa masu sana'o'in ƙwarewa. An sake ce mata a'a, kuma wannan amsar ita ce ta fi cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne tsarin ya nuna gurguntarsa. A lokacin tana samun kusan ninki biyu na abin da take samu tana 'yar koyo, amma a takarda matsayinta ya fi na da rauni. Alkawarin cemba ya ƙare, albashi babu, takardar haraji kuma ko ɗaya ba ta da ita, domin shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa, kuma shekararta ta farko a sana'a ba ta riga ta rufe ba. Ta zaɓi tsarin da hukumar haraji ta HMRC ta amince da shi, wanda ba a cire haraji a tallafin watanni shida na farko, don haka wannan kuɗin ma bai bayyana a matsayin ribar sana'a ba.

Sai a wannan lokaci ta bi shawarar wata babbar barista a cembarsu ta nemi dillalin rancen gida da ya saba aiki da lauyoyi. Abu na farko da ya faɗa mata shi ne ta daina tura takardar nema barkatai, domin duk cikakken binciken da mai ba da rance ya yi a kan tarihin bashinta yakan bar alama a rajistar kamfanoni irin su Experian da Equifax, kuma yawan alamun cikin ɗan lokaci yakan sa na gaba ya yi ɗari-ɗari. Abu na biyu, ta jira 6 ga Afrilu, sannan ta miƙa bayanin harajinta nan take. Doka ta ba ta har zuwa 31 ga Janairun 2026, kuma yawancin mutane sai wa'adin ya matso suke miƙawa, amma miƙawa da wuri ba ya sa a biya harajin da wuri, yana dai samar da takardar lissafin haraji da ake kira SA302, wadda ita ce hujjar da masu ba da rance suka fi yarda da ita. Akantanta ya miƙa a farkon watan Mayu, ta haka ta rage wa kanta jiran kusan wata tara.

Da takardar ta fito sai wata matsala ta bayyana, wadda ita ce ainihin ciwon sabon barista. Aikin da ta yi a shekarar ya kai na fam 62,000, amma abin da ya shigo asusunta fam 44,000 ne, ragowar fam 18,000 bashi ne da take bi. Haka sana'ar take, domin a shari'ar laifi da gwamnati ke ɗaukar nauyi galibi sai an kammala shari'a ake biyan lauya, ga shi kuma shari'o'in da ke jiran saurare a Kotunan Crown sun haura 70,000 a 2024, ta yadda za a iya ɗage shari'ar da lauya ya gama shiri a kanta zuwa shekara mai zuwa. Wannan jinkiri da ƙarancin kuɗin na daga cikin abin da ya sa baristocin shari'ar laifuka suka shiga yajin aiki a 2022, wanda ya ƙare a watan Oktoban shekarar bayan gwamnati ta amince da ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Daga cikin fam 44,000 ɗin kuma an cire kason cemba, da kuɗin jirgin ƙasa, da inshorar sana'a, da ladan akanta, waɗanda suka tashi kusan fam 10,000. Ribar da ta bayyana a takardar haraji fam 34,000 ce.

Ita a ranta lauya ce mai aikin fam 62,000, wanda ninki huɗu da rabinsa ya kai fam 279,000. A idon mai ba da rance kuwa mai fam 34,000 ce, iyakar abin da za a ba ta kusan fam 153,000. Gidan da ta sa wa ido na fam 210,000 ne, wanda ke nufin tana bukatar rancen kusan fam 190,000 bayan ta biya kuɗin kafin alƙalami.

Dillalin ya san 'yan masu ba da rance da ba sa barin kwamfuta ta yanke hukunci ita kaɗai, inda jami'i ke zama ya karanta fayil da idonsa, kuma suna karɓar takardar haraji ta shekara ɗaya daga barista idan an haɗa ta da wasu hujjoji. Ya sa ta tara wasiƙar cemba mai tabbatar da kujerarta, da jerin kuɗin da take bi wanda ke nuna wanda ake bi da tsawon lokacin da bashin ya yi, da bayanan asusunta na banki, da jadawalin shari'o'in da aka riga aka sa mata a watanni masu zuwa. Mafi nauyi a cikinsu ita ce wasiƙar babban akawun cemba, mutumin da ya ga sabbin baristoci da yawa sun wuce ta hannunsa, wanda ya rubuta cewa bisa abin da ke shigo mata a watannin baya-bayan nan ribarta a shekara ta biyu za ta kai kimanin fam 45,000. Jerin bashin ma ya taimaka, domin mafi yawansa hukumomin gwamnati ake bi, masu jinkiri amma ba masu cinye haƙƙi ba. Bisa wannan, wani mai ba da rance ya amince a matakin farko cewa zai iya ba ta fam 190,000.

Da nan labarin ya ƙare da an ce ta yi nasara, sai dai akantanta ya sa ta zauna ta duba abin da ke jiran ta ranar 31 ga Janairun 2026. A kan ribar fam 34,000, bayan an cire fam 12,570 da ba a biya wa haraji, harajin kashi 20 cikin ɗari ya kama kusan fam 4,300, kuɗin inshorar ƙasa na masu zaman kansu a kan kashi 6 cikin ɗari ya kama kusan fam 1,300, biyan bashin karatun jami'a kuma kusan fam 600. Sannan ga abin da ke shammatar sabbin shiga, wato HMRC takan nemi a haɗa da rabin harajin shekara mai zuwa a rana guda, ɗaya rabin kuma a biya ranar 31 ga Yuli. Jimillar abin da za ta biya a Janairu ta kusa fam 9,000. Tana da wannan kuɗin a ajiye, amma a lissafinta ta riga ta sa shi cikin kuɗin lauyan cinikin gida da kayan ɗaki da gyare-gyare, tana fatan kafin Janairu kuɗin da take bi zai shigo ya maye gurbinsa.

A nan ne nake ganin hatsarin gaske yake, fiye da ƙin amincewar bankunan farko. Rancen fam 190,000 na shekara 30 a kan ruwan kusan kashi 5 cikin ɗari yana nufin biyan fam 1,000 da 'yan kai kowane wata, a lokacin da ruwan Babban Bankin Ingila bai daɗe da fara saukowa daga kashi 5.25 da ya kai a watan Agustan 2023 ba. Mai albashi yana iya ɗaukar wannan nauyi da kwanciyar hankali domin ya san ranar da kuɗinsa zai shigo. Barista mai zaman kanta kuwa ba ta da albashin jinya, ba ta da hutun da ake biya, ba ta da fanshon da wani ke zuba mata, kuma wata guda na iya kawo mata fam 7,000 na gaba ya kawo 1,500. Hasashen babban akawu na gaskiya ne, amma hasashe ne na shekara, shi kuwa banki wata-wata yake cire kuɗinsa. Dillali ma, duk da amfanin da ya yi mata, yakan sami ladansa ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka bai kamata a ɗora masa alhakin cewa ta rage buri ba. Wannan aikin akanta ne, kuma ya yi shi.

Akwai wata hanyar da aka gabatar mata ta ƙi, wato a sa sunan mahaifinta a cikin rancen ba tare da an sa shi a takardar mallakar gidan ba, domin a haɗa kuɗin shigarsu wajen lissafi. Tsari ne sananne a Birtaniya, amma yana nufin idan ta gaza biya shi za a bi, ga shi kuma ya kusa ritaya. Ta karɓi fam 5,000 ɗin da ya ba ta kawai, bayan ya sa hannu a takardar da ke cewa kyauta ce ba rance ba, ya kuma nuna asalin kuɗin kamar yadda dokar hana halasta kuɗin haram ta tanada. Abin da ke damuna a wannan gaɓa shi ne cewa abokan koyonta da iyayensu ke da hali ba su fuskanci ko ɗaya daga cikin wannan ba, domin wanda ya zo da kashi 30 ko 40 cikin ɗari na kuɗin gida a hannu ba a tsananta masa bincike kamar mai kashi 10. Sana'ar da ke cewa tana son buɗe ƙofarta ga 'ya'yan talakawa ya kamata ta lura cewa jinkirin biyan lauya ba ya cin kowa daidai.

Ya dace a ambaci cewa barista Musulmi da ke guje wa riba yana da wata hanya a Birtaniya, inda bankunan Musulunci irin su Gatehouse ke sayen gidan tare da shi bisa tsarin musharaka mai raguwa, yana biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Sai dai wannan bai kuɓutar da shi daga matsalar da ake nazari a nan ba, domin su ma suna ƙarƙashin FCA, kuma takardun haraji da hujjar kuɗin shiga iri ɗaya za su nema, ga kuma ƙarancin masu bayarwa, wanda ke rage damar samun wanda ya fahimci yadda kuɗin barista ke shigowa.

A ƙarshe ta janye daga gidan fam 210,000, ta nemi ƙaramin gida mai ɗaki biyu na fam 170,000 a unguwar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, abin da ke da muhimmanci ga mai zuwa kotunan garuruwa daban-daban da sassafe. Ta biya fam 20,000 kafin alƙalami, ta ranci fam 150,000, adadin da ribarta ta fam 34,000 ke iya ɗauka ko ba a dogara da hasashen kowa ba, biyan wata kuma ya tsaya kusan fam 800. Harajin sayen gida bai hau kanta ba, domin ko bayan da aka rage rangwamen masu sayen gidan farko zuwa fam 300,000 a watan Afrilun 2025, gidanta yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kuɗin lauyan cinikin ta biya shi daga abin da ya shigo mata a watannin bazara, fam 9,000 na haraji kuma ta bar shi a asusunsa ba ta taɓa ba.

Ta zaɓi a tsayar mata da kuɗin ruwa na shekara biyu maimakon biyar, duk da cewa hakan na nufin za ta sake fuskantar kasuwa da wuri. Dalilinta shi ne ruwan da aka sa mata ya ɗan ɗara na manyan bankuna saboda ƙarancin tarihinta a sana'a, kuma idan wa'adin ya cika a 2027 za ta kasance da takardun haraji na shekara uku, waɗanda za su ba ta damar komawa wurin bankunan da suka mayar da ita a baya ta nemi ruwa mai sauƙi. An miƙa mata makullin gidan a watan Satumban 2025, kuma a ranar akwai sauran kusan fam 6,000 daga aikin shekararta ta farko da har lokacin ba a biya ta ba.